Langar Talata

Ranar da Najwa ta shigo da albishir ɗinta, Rabi'a tana zaune a ƙasa tana tsince shinkafa, na'urar sanyaya ɗaki tana ta tari a bango kamar tsoho mai mura. Najwa ita ce autarta. Tana shekara ta uku a karatun lauya a wata kwaleji nan cikin Jidda, kuma tun da aka doshi hutun zafi ba ta da zance sai na tadrib, aikin koyon sana'a da ake tura ɗalibai su yi kafin a ba su shahada, wato takardar shaidar kammala karatu.

"Ummi, halas, na samu!" Ta jefar da jaka, ta zube kusa da tiren shinkafar.

Yarinyar ta sha yawo, wannan kam Rabi'a shaida ce. Ofis nawa ta hau, ofis nawa ta sauka. Wasu su ce sun cika, wasu su ce sai 'yar ƙasa, wasu su karɓi lambarta da fara'a irin ta wanda ba zai kira ba. Sai yau ta faɗa wani ɗan ofishin taimako can unguwar Safa, a saman wani kantin magani, inda wata lauya, Ustaza Juwairiyya, take tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Lebura ne da kafili, wato ubangidan da takardar zamansa take hannunsa, ya riƙe wa albashi, mace ce da miji ya gudu da takardun 'ya'yanta, duk nan suke zuwa. Ustazar ta tambaye ta ko tana jin Hausa, don mutane sukan zo su zauna a gabanta da kuka a baki, ba mai fassara. Najwa ta ce tana ji. Ba ta yi ƙarya ba, ji kam tana ji. Maganar ce dai in ta kama, sai ka ce mai tafiya ba takalmi a kan kwalta da azahar, taku biyu ta yi tsalle ta faɗa cikin Larabci.

"Madalla," in ji Rabi'a. "Nawa za su riƙa ba ki?"

Najwa ta shiga gyara mayafin da bai karkace ba.

"Ba sa biya, Ummi. Su ma da sadakar mutane suke tafiya."

"Gidauniyar nan fa da kika ce tana tallafa wa masu irin wannan aikin?"

"Na nema. Sun ce mun yi yawa, ban shiga ba."

Rabi'a ta ci gaba da tsintar shinkafa, ko da yake ba sauran tsakuwa a ciki.

Bayan la'asar Rilwanu ya dawo daga tashar jiragen ruwa, inda yake aiki a wani kamfanin fito da kaya. Shi ne ɗan fari, don haka Rabi'a ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce yayanku. Tun rasuwar mahaifinsu Abduljalil gidan yake wuyansa. Ya saurari ƙanwarsa har ta kai aya, sannan ya ajiye kofin shayinsa.

"Ya Najwa, ni ba maƙiyinki ba ne. Na riga na yi magana da mudir, shugaban wurin aikinmu. Sashen shari'a na kamfaninmu zai ɗauke ki, da alawus, da motar ma'aikata har ƙofar gida. Daga nan Sanabil zuwa Safa fa? Kin san abin da tasi yake ci, zuwa da dawowa, kullum, har hutu ya ƙare? Alawus ɗin na yafe, Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma in ce zan ƙara ɗaukar kuɗin mota da na abincin rana, wallahi ba ni da shi. Ran Lahadi mudir yake jiran amsa."

Kada wani ya ga laifin Rilwanu. Tun da suka baro tsohuwar unguwarsu Nuzla haya take cinye albashinsa, sau biyu yana ɗaga aurensa, bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba.

"Ni ba takardun kwantena nake so in koya ba, Yaya," in ji Najwa. "Aikin Baba Na'ibi nake so in yi. Bas, sai dai ni da shahada a hannu."

Sunan ya faɗo tsakiyar falon.

Wanda bai zauna Nuzla ba sai an yi masa bayani. Lungunsu can ƙuryar unguwar yake, matsattse, in akuya biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya. Akwai mutanen Kano da Sakkwato da suka zo Umara ƙafa ta nauyaya, akwai na Maraɗi, akwai Hausawan Sudan irin su Abduljalil da suka ƙetaro teku tun suna goye. A bakin lungun akwai ɗan masallaci, a jikin masallacin akwai dakali, a kan dakalin akwai Na'ibi. Ya taɓa zama mataimakin liman, sunan ya bi shi har aka manta na yanka. Ba lauya ba ne, bai taɓa cewa shi lauya ba ne. Mutum ne dai mai Larabci a baki da haƙuri a ƙafa. In kafili ya hana ka haƙƙinka, shi zai raka ka ya zauna a ƙofar mutumin har kunya ta kama shi. In an yi rasuwa, shi zai bi takardar binnewa daga wannan taga zuwa waccan. Lokacin da Abduljalil ya cika, Na'ibi ne ya yi ta sintiri kamfanin da ya yi wa aiki, wata da watanni, har aka ba marayu abin da yake nasu.

Kuma ba ya karɓar ko sisi daga wanda ya yi wa aiki. Yakan ce in ya karɓa a hannun mutum ɗaya, ya zama yaron mutumin. To mutum ba ya cin iska. Sai matan lungun suka raba mako a tsakaninsu, kowane gida da ranarsa. Mai rana za ta zuba abinci a langa, ta ɗaure ta da ƙyalle, a bakin ƙyallen ta ƙulle kuɗin motar da zai yi zirga-zirgar ranar. Ba mai tambayar nawa wance ta ƙulle. Wata rana ƙullin ya yi ƙiba, wata rana ya rame, Na'ibi bai taɓa faɗa wa kowa ba. Washegari da safe za ki tarar da langarki a bakin ƙofa, a wanke, fayau ba komai ciki. Wannan doka ce, shi ya kafa ta. Ya ce langar da ta koma da wani abu a ciki ta zama ciniki, kuma mai ranar an rage mata lada da mutunci.

Talata ce ranar Rabi'a. Langarta fara ce mai bakin shuɗi, ta ɗiga mata jan farce uku a gindi don kada ta ɓace cikin na maƙwabta. Najwa ce mai kai ta tun tana 'yar ƙarama, kuma aike ɗaya sai ya cinye mata yini, don zama take a gefen dakali tana sauraron ƙararrakin mutane da baki buɗe.

Sai shekarar da aka zo aka rubuta kalmar nan ta rusau da jan fenti a bangon kowa, aka ce unguwar za a rushe ta a sake gari. Kowa ya shiga neman inda zai sa kansa. Talatar ƙarshe Rabi'a ta aika da langa kamar kullum, Laraba da sassafe motar kaya ta zo, suka tashi kafin langar ta dawo. Tun ranar ba ta sake ganin Na'ibi ba. Ba ta kuma tambaya ba, don tsoron amsar da za a ba ta.

"Na'ibi yana da lungu a bayansa," in ji Rabi'a, da kakkausar murya. "Ke wa kike da shi?"

Najwa ta tashi ta shige ɗaki. Rabi'a ta zauna da maganarta a baki, tana jin ɗacinta. Ta yi nufin ta tsawata wa yarinya ne, sai ga shi kanta ta soka. A wannan benen da suke, hawa na uku, shekara da shekaru ba ta san sunan matar da ke ƙofar da ke kallon tasu ba. Kewar lungun ta taso mata. Ta tuna ƙamshin daddawa da na turaren luban suna kokawa da rana tsaka, ta tuna yadda in ta yi atishawa a ɗakinta maƙwabciyarta Dela take amsa mata daga bayan bango.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ta kira Lado. Tsohon maƙwabcinsu ne, yana jan 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya, kuma shi kaɗai ne ya san inda kowa ya watse, don shi ya kwashi kayan rabin lungun.

"Ina za mu, Hajiya?"

"Neman ranaku za mu. Yalla, ja mu tafi."

Ta yi masa bayani a hanya. Lado ya yi dariya har motar ta yi tangal-tangal.

"Wato Najwa ce Na'ibin yanzu! Yarinyar da ke ce wa tuwo asida?" Ya share ido da bayan hannu. "Ki sa mana Lahadi. Da ma tamu ce. Kuma ni nake kewaya gari kullum, ni zan riƙa karɓo langunan da safe in miƙa mata."

Hanyar ta bi da su ta gefen Nuzla. Rabi'a ta ce ya rage gudu, sannan ta yi da-na-sanin faɗa. Fili ne fetal, an share shi tas, rana tana dukansa. Ta nemi abin da za ta kama ta ce nan ne, ba ta samu ba. Lado ya nuna wani wuri da leɓe ya ce yana jin wajen can masallacin yake. Ta ce a'a, ya fi nan gaba. Suka yi ta musu a kan wurin da babu shi, har suka wuce.

Neman bai zo da sauƙi ba. Gidan Zaharadden mai wanki sun koma Maraɗi. Masu Asabar an ce suna Bahra, wani ya ce a'a, an mayar da su gida tuntuni. Mutanen Kurayyat da sukan shigo lungun cin kasuwa su ma unguwarsu ta bi sahu, ba wanda ya san inda suka nufa. Sun sami Majid, ɗan masu Laraba, wanda yanzu yake da shagon wayoyi da tumbi. Ya karɓe su hannu bibbiyu, ya kawo gahawa da dabino, ya ce wallahi Khala, wato Inna, zamani ya canza, yanzu ta waya yake ba da sadakarsa, ya danna kawai ta tafi. Rabi'a ta sha gahawar, ta yi masa addu'a, ta fito tana cewa a ranta Allah ya sa wayar ta raka shi ofis ranar da ya shiga uku.

A Harazat suka sami Sajida mai ɗinki, cikin wani ɗaki da keken ɗinki ya cinye rabinsa. Ta rungume Rabi'a suka yi kuka, suka yi dariya, suka sake kuka. Ta karɓi Litinin tun kafin a gama tambaya, ta ƙara da cewa lauya ba ta shiga ofis da abayar makaranta, a turo mata yarinyar ta auna ta. Sannan ta rage murya ta ce akwai maganar ɗan ƙanwarta da aka riƙe wa fasfo, ko Najwa za ta duba. Rabi'a ta lura duk gidan da suka shiga, har na Majid, sai an rako ta da irin wannan ƙaramar muryar. Dakali ya tafi, amma abin da ke kai mutane dakali yana nan.

Rana ta yi sanyi suka isa Khumra, wajen Dela. Ta tsufa, ta rage tsawo, amma bakin yana nan yadda aka san shi.

"Sai yau, Rabi? Da na mutu sai dai ki ji a waya."

"Ki yafe ni, Yaya Dela."

"Na yafe, zauna. Kin yi ƙiba, benen ya karɓe ki."

Da ta ji abin da ya kawo su, ta ce Alhamis ba a tambayarta, duk wanda ya ci Alhamis a lungunsu daga tukunyarta ya ci. Sai ta ƙara da cewa, kamar abin ba komai ba, ai da ma ba ta daina ɗora tukunyar Alhamis ɗin ba, hannu ɗaya kawai za ta ƙara.

Rabi'a ta ɗago kai. "Wa kike kai wa?"

"Wa kuwa in ba Na'ibi ba? Yana nan bayan masallacin masu sito, sun ba shi ɗaki. Idon ne ya tafi, sai dishi-dishi."

"Sauran ranakun fa?"

"Abin da Allah ya kawo. Leburori suna tunawa da shi in sun tuna."

Rabi'a ta kasa haɗa ido da ita. Ta lissafa a ranta, ga Lahadi, ga Litinin, ga Alhamis, Talata tata ce da ɗan abin da take samu a turaren wuta. Laraba ce ba mai ita, kuma ba sauran ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Rana ɗaya a mako ba ƙaramin rami ba ne ga mai zuwa Safa daga Sanabil. Ta ce wa Lado su biya ta gaida tsohon kawai, kada ya kuskura ya yi masa zancen.

Ɗakin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Na'ibi yana zaune a bakin ƙofa da carbi, ya rame har rigar tana lilo a jikinsa. Ta yi sallama, ta durƙusa.

Ya karkata kai. "Wannan muryar Talata ce. Rabi'atu matar Abduljalil."

Nan hawayen da ta riƙe tun daga filin Nuzla suka ƙwace. Ya bar ta ta yi, sannan ya shiga tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Najwa ya ce ina 'yar aikensa mai kunnen zomo. Rabi'a ta ce tana lafiya, tana karatun lauya, ta tsaya a nan. Lado kuwa, wanda ba a taɓa ba shi ajiyar magana ta kwana ba, ya kwashe komai ya zazzage, har da Larabar da ta rage.

Tsohon ya miƙa hannu bayan ƙofa, ya laluba, ya jawo wani ƙulli. Ƙyallen ya koɗe, amma Rabi'a ta gane shi, yankin tsohon zanenta ne. Ya kwance. Fara ce mai bakin shuɗi.

"Na kai ta Laraba da safe, na tarar da ƙofa a buɗe, ba kowa. Duk inda na koma da ita nake tafiya. Na ce kayan mutane ne."

Ta miƙa hannu za ta karɓa. Ya janye.

"A'a. Ke ki koma Laraba. Langar Talata tana hannuna, ranar tawa ce."

"Haba Baba! Da me? Kai da ya kamata a ce mu ne muke..."

"Rabi'atu." Bai ɗaga murya ba, amma ita ce muryar da yake yi wa kafilai a ƙofar gidajensu. "Na taɓa tambayarki da me, ranar da kika ɗauro mini gaya ba miya mijinki yana asibiti? Na ci, na wanke, na mayar. Tun ina da baƙin gemu nake cin ranakun mutane, ban taɓa samun tawa ba. Yau ta zo har ƙofa, ki ce za ki hana ni?"

Tausayinsa yana cin ta, kunyarsa ta fi.

"Ki faɗa wa yarinyar," in ji shi, yana mayar da ɗaurin, "in mutum ya zo da kuka ta bar shi ya gama. Rabinsu ba wanda ya taɓa barinsu suka gama. Kuma ta riƙa sa takalmi mai taushi."

Ran Asabar Rabi'a ta tara 'ya'yanta ta jera musu mako, rana da mai ita. Najwa ta rufe fuska da tafin hannu tun daga Litinin. Rilwanu yana ta gyaɗa kai irin na mai shakka, yana shirin tambayar in wata ta gaza fa, har aka zo Talata.

"Wa kika ce, Ummi?"

"Ka ji ni."

"Yana raye?"

Ya tashi ya tsaya a taga ya ba su baya. Shi ne ya bi Na'ibi ofis-ofis lokacin takardun mahaifinsu, yana saurayi, ya ga yadda tsohon yake cin wulaƙanci a madadinsu yana murmushi. Da ya juyo bai yi dogon zance ba. Ya ce zai kira mudir ya ba shi haƙuri, kuma duk ranar da ƙulli ya rame kada a faɗa wa kowa, a faɗa masa.

Najwa ta fara aiki cikin sabuwar abaya. Lahadi ta dawo da labarin dambun matar Lado da na wani mai gadi ɗan Zinder da ya yi ta magana bai tsaya ba, ita kuma ta bar shi. Litinin ta dawo tana tambayar uwarta yadda ake ce wa mutum ya kwantar da hankalinsa ba tare da an yi masa alkawarin ƙarya ba. Hausar tana nan tana ɗingishi, amma ta fara taka ƙasa.

Talata ta shigo gab da magariba, ba ta jefar da jaka ba. Ta zo ta durƙusa ta ajiye ƙullin a gaban uwarta.

"Me ya sa miki?" in ji Rabi'a.

"Dafaffen waken ful da rabin burodin tamis. Da dabino a gefe." Ta nuna ƙyallen. "Ummi, ƙullin bakin ƙyallen duk silalla ne. Ƙanana. Ya kai ni, ya dawo da ni har bakin titi, na ƙaraso da ƙafa. Wallahi na so in ƙi taɓawa."

"Da kin ƙi, da kin zage shi."

"Ga langarki ta dawo gida," in ji Najwa.

Rabi'a ta ɗauke ta ta shiga kicin. Ta juya gindin, ga ɗigon jan farcen nan uku, ɗaya ya fara gogewa. Ta wanke ta da kanta, ta goge, ta daɗe tana riƙe da ita a ƙirji. A kan wuta akwai tuwon shinkafa da miyar kuka da ta sha man shanu, irin wadda tsohon yake so. Ta tuna rigar da ke lilo a jikinsa. Ta tuna rabin tamis, ta san inda ɗaya rabin ya tafi, ta san kuma shi ke nan abincinsa na yinin. Hannunta ya kai ga mara da kansa. Ta ɗebo malmala ɗaya mai zafi, ta kai ta bakin langar.

Nan ta tsaya. Tururi yana dukan fuskarta, zuciyarta tana ce mata zuba, wa zai sani, makaho ne. Amma zai sani. Da ya ɗaga zai ji nauyin, zai gane an mayar da shi abin tausayi, an karɓe masa ranar da ya jira tun yana da baƙin gemu.

Ta mayar da tuwon cikin tukunya. Gobe Laraba, ranarta ce, za ta dafa na mutum biyu, ta aika masa nasa a wani kwano dabam da sunan gaisuwa. Wannan kuwa ta rufe ta, ta ɗaure da tsohon ƙyallen, ta kai bakin ƙofa inda Lado zai ɗauka da safe.

Najwa ta biyo ta da kallo. "Ummi, ba taki ba ce?"

"Ta mai Talata ce," in ji Rabi'a, tana share ido da gefen mayafi. "Ɗaga ki ji. In kin ji nauyin komai, a sake wankewa."

Najwa ta ɗaga langar da hannu biyu. Ba komai a ciki.